Kwalbatin Horo Birni

Tun kafin Mufida ta hango kwazazzabon ta jiyo ƙarar injin kwaɓa kankare. Ranar Talata ce, kuma babu wani dalilin da zai sa injin nan ya yi aiki kafin Alhamis. Ta ce wa direba ya ƙara gudu.

Mufida injiniya ce, 'yar Bodinga, shekararta talatin da ɗaya. A bazarar nan kamfanin da take yi wa aiki ya ɗora mata ayyuka uku: daɓen ɗakin ajiyar albasa a Dingyadi, kwamin shayar da shanu a Mandera, da sabon kwalbati a kan kwazazzabon da ya raba Horo Birni da hanyar kasuwa. Shugaban birkilolin kuwa kawunta ne, Malam Na'Allah, yayan mahaifiyarta, wanda ya shekara talatin da biyar yana gini. Ita da bakinta ta nema masa aikin.

Kafin a sa diga a ƙasa, sai da ta bi wuraren ukun ta ɗebi ƙasa da ruwa, ta kai ɗakin gwaji a Sakkwato. Da sakamako ya fito, ta rubuta takarda uku, kowane wuri da nasa kwaɓin. Daɓen Dingyadi ruwa ba zai taɓa shi ba, jan buhu da tayar baro kawai zai sha, don haka siminti na yau da kullum ya wadatar, a dai goge samansa ya yi tauri. Kwamin Mandera zai kwana ya wuni da ruwa a cikinsa, ga kofato ga fitsarin shanu, sai kwaɓi mai ƙarin siminti da ba ya yoyo. Na Horo Birni shi ya fi tayar mata da hankali. Ƙasar kwazazzabon tana da wani gishiri da yake fitowa fari-fari a gefen rami in rana ta yi zafi, har shanu suna lasa. Irin gishirin nan yana bin ruwa ya shiga cikin kankare, ya kumbura shi daga ciki, ya mai da shi gari. Saboda haka ta rubuta siminti na musamman mai jure masa, da yashi wankakke, da ruwan burtsatse ɗan kaɗan a aune, sannan a ɗaga rodi daga ƙasa da kaurin yatsa uku.

Ranar da ta miƙa wa kawun nata takardun, dariya ya yi. "Kankare kankare na, ɗiyata. Siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Da shi munka gina rabin Bodinga."

Ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, ya ce to, ya ninke takardun ya sa a aljihu. Simintin na musamman sai Alhamis zai iso, don haka ta tafi Dingyadi ta kwana biyu a kan aikin daɓe, da yarjejeniyar ba za a zuba komai a Horo Birni ba sai ta dawo.

Motar ba ta gama tsayawa ba ta diro. Abin da ta gani ya fi abin da take tsoro. An riga an zuba fiye da rabin gindin kwalbatin. Leburori suna ta kai da kawowa da kwanon sarki a ka, kwaɓin yana malalowa ta gefe kamar kunu. Durom biyu cike da koren ruwan tafki, wani lebura yana kamfata da bokiti yana watsawa cikin inji ba awo. Buhunan da aka farke na simintin kwamin Mandera ne. A ɓangaren da ba a kai ga rufewa ba, rodin yana kwance a kan farar ƙasar nan, babu ko ɗaya daga cikin 'yan dunƙulen simintin da magina suke kira biskit, waɗanda ake sawa a ƙarƙashi su ɗaga shi.

"Ku kashe injin nan!" Ba ta san muryarta tana kai haka ba. "Na ce ku kashe shi!"

Mai injin ya dubi Malam Na'Allah, ya dube ta, ya kashe. Wurin ya yi tsit. A gindin wata aduwa mutanen gari suna zaune suna kallon aiki kamar yadda suka saba kullum, har da hakimin ƙauyen a kan kujerar roba. A gefensa Idi yake, da sandunansa biyu a jingine. Idi manomin albasa ne. Shekara uku da suka wuce yana saman motar da ta ɗauko albasar garin sa'ad da tsohon kwalbatin ya rufta da ita. Ƙafarsa ta hagu daga gwiwa a asibiti aka bar ta. Tun daga lokacin, in damina ta sauka, sai mutanen garin su yi zagaye mai nisa kafin su kai kasuwa.

Malam Na'Allah ya hauro daga ramin yana goge hannu da gefen rigarsa.

"Lahiya, Mufida? Sallama ma babu?"

"Kawu, mi munka yi da kai?"

"Ɗaga kanki ki dubi gabas." Ya nuna da haɓa. Can ƙasan sama akwai ɗan duhu-duhu. "Kwana biyu ke nan hadari shina haɗuwa. In ruwa ya sauka cikin ramin ga, gehe ya zube, wa za ya kwashe? Ke? Simintinki bai zo ba, tankar ruwa ba ta zo ba. In zauna ina kallon sama?"

"Ka kira ni. Waya tana hannunka."

"In kira ki ki ba ni izinin aikin da nike yi tun ba a haihe ki ba?"

Mufida ta je mota ta ɗauko gwangwanin awonta mai siffar mazurari, ta kifa shi a kan katako, ta cika shi da kwaɓin da ke cikin wani kwanon sarki, ta danna da rodi, ta zare gwangwanin sama. Kwaɓi mai kyau tsayawa yake yi, ya ɗan russuna kaɗan. Wannan kuwa bajewa ya yi kamar fanke, ruwa yana bin gefen katakon.

"Kun gani?" Ta nuna katakon. "Duk ruwan ga in ya bushe ƙofofi za ya bari, ƙanana waɗanda ido bai gani. Ta nan gishiri za ya shiga. Rodin ga kuma yana kwance cikin gishirin tun yau. Za a kwashe. Wanda ya kama a hwasa shi."

"A yi mi?"

"A hwasa shi, Kawu."

Fuskar dattijon ta canja. Ya tako har gabanta. "Ni za ki sa a hwasa ma aiki? Gaban leburori? Ni da na yanka ragon sunanki? An tura ki boko, an ba ki hular roba, shi ke nan kin zo ki koya mani ƙasa tana cin dutse. To ga mutane nan, su zan shaida. Shekara talatin da biyar. Nuna mani gini guda da na yi da hannuna ya hwaɗi. Guda ɗaya tak!"

Wasu daga cikin birkilolin suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ce ta ƙarasa ta.

Akwai abin da ta sani wanda ta yi mako uku tana riƙe da shi a ciki. Lokacin da ake kwashe ɓaraguzan tsohon kwalbatin, ta ci karo da wani ɓallen bango mai rubutun ajami, irin wanda magina suke zanawa da ƙusa tun siminti bai bushe ba. Ta karanta, ta waiga ba kowa, ta kifa shi a ƙarshen tulin. Aikin an yi shi ne shekara goma sha ɗaya baya, a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da ba wanda yake tuna sunansa, kuma mutanen garin ba su riƙe fuskokin maginan ba. Ta yi niyyar ta kira kawun nata gefe wata rana ta nuna masa. Nauyin bakin ne ya hana ta.

Yanzu kam ba ta ji nauyin komai ba. Ta nufi tulin ɓaraguzan, ta sa hannu biyu ta birkito ɓallen, ya faɗi rigingine a gaban jama'a. Gefensa ya marmashe da faɗuwar, wani tsatsattsen rodi ya leƙo.

"Ga guda ɗaya," in ji ta.

Ba wanda ya motsa sai Idi. Ya jawo sandunansa, ya miƙe, ya dogara har wurin. Ya sunkuya yana bin rubutun da kan sanda, yana haɗa baƙaƙen a fili.

"Na'Allah... birkila... Bodinga."

Ya ɗago a hankali. "Kai na?"

Malam Na'Allah ya kafa wa rubutun ido.

"Kai na, Malam? Wata guda kana zuwa garin ga, muna kai maka hura, kana wucewa ta gabana kana ce mani sannu, Allah ƙara sauƙi?" Muryar Idi ta fara tashi. "Ka san yadda anka ciro ni ƙarƙashin motar can? Ka san gonata wa ka noma ta yanzu? Kuma ba ta ishe ka ba, ka dawo ka sake yi muna irin ta, ƙahwar wa kake so wanga karon? Ta ɗana?"

Ya kai wa ɓallen duka da sanda. Siminti ya tarwatse kamar busasshen tuwo, har Idi ya kusa faɗuwa, wani ya tare shi. Samarin da ke gindin aduwa suka miƙe gaba ɗaya, hayaniya ta kaure, wani ya riga ya ɗauki shebur. Mufida ta ga inda abin ya nufa, sai ta tsinci kanta tsaye a gaban kawun nata, ta ba shi baya, ta buɗe hannuwa.

Hakimi ya buga sandarsa a ƙasa. "Kowa ya taɓa baƙon ga, ni ya taɓa! Ku zauna!" Sai da ya faɗa sau uku kafin su lafa. Ya juyo wurin Mufida. "Injiniya, hwaɗa muna gaskiya tsakaninki da Allah. Ha'inci anka yi muna wancan karon?"

"Ranka ya daɗe, ban ga alamar ha'inci ba. Kwaɓin da anka saba yi ko'ina shi anka yi. Da cikin gari anka zuba shi, da yau shina nan. Ƙasar wurin ga ta ba ta karɓar shi, kuma lokacin ba wanda ya auna ta. Amma wanga karon an auna. An rubuta. Na ba shi a hannu."

Malam Na'Allah bai dubi kowa ba. Ya zaro takardun nan uku daga aljihu, har yanzu a ninke yadda ya karɓe su, ya ajiye a kan durom. Ya tattara kayan aikinsa a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Birkiloli uku suka bi shi. Ɗaya kawai ya tsaya, wani mai suna Sha'aibu.

Ba lokacin tsayawa tunani. Wanda aka zuba da hantsi bai gama kamawa ba, Mufida ta ɗauki shebur da kanta ta shiga ramin. Mutanen gari suka biyo ta, fushin da bai sami inda zai sauka ba ya sauka a kan kankaren. Kafin la'asar sun kwashe ɗanyen sun wanke rodin. Wanda aka zuba tun da asuba kuwa ya riga ya yi tauri, sai da aka kwana biyu ana dukansa da guduma.

Labari ya riga ta isa Bodinga. Da ta shiga gida da yammacin ranar rikicin, mahaifiyarta Kaltume tana tankaɗe a tsakar gida, ko amsa sallamarta ba ta yi ba.

"Inna, ina wuni."

"Kak ki ce mani Inna. Wadda ta tsiraita yayana gaban jama'a ba ni na haihe ta ba." Ta dangwarar da rariyar. "Da ubanki ya rasu, wa ya tsaya har kika gama karatun da kike taƙama da shi? An ce saura kaɗan su kashe shi!"

"Ni na tsaya gabanai."

"Bayan kin kunna wutar! Mako uku kina da abin ga cikinki, ba ki iya zuwa zaurenai ki hwaɗa mai ku biyu ba? Sai gaban gurgun da ka neman wanda za ya kama?"

Maganar ta soki Mufida, domin gaskiya ce. Amma zafin da ke ƙirjinta bai sauka ba.

"Na yi kuskure da ban hwaɗa mai tun wuri ba, na yarda. Amma Inna, na zauna da shi awa guda ina bayani. Ko buɗe takardar bai yi ba. Da Alhamis na dawo kamar yadda munka shirya, da an ruhe komai, ba ni ganin rodin, ba ni ganin ruwan. Shekara takwas ko goma ya sake ruhtawa da wasu. Sannan sunan wa za a karanta?"

"Sunanki ya dame ki ke nan."

"Ƙahwar Idi ta dame ni!"

Kaltume ta kwashi garinta ta shige ɗaki, ta saki labule.

Hadarin da Malam Na'Allah ya nuna bai yi ƙarya ba. Ranar Alhamis da rana, motar siminti tana isowa ruwa yana saukowa. Ramin ya cika taf, gefe ɗaya ya zabtare ya binne rodin da suka sha wahalar wankewa. Mufida ta tsaya a bakin ramin, jiƙe sharkaf, takaici kamar ta yi ihu. Wani daga cikin leburorin ya ce a bayanta, yadda za ta ji, ai dattijo ya faɗa. Ta juyo ta ce masa in ya gaji ga hanya nan. Kwana huɗu suka yi suna kwalfe ruwa da laka, suka sake wanke rodi, suka sake ɗaure shi, wannan karon a kan biskit.

Suka zuba ranar Talata ta sama, da sanyin safiya, kafin rana ta gasa yashi da tsakuwa. Kwaɓin ya fito da kauri, leburori suna ta ƙorafin yana da wuyar bajewa. Mufida ta ɗiga maganin da yake sa shi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, ta sa Sha'aibu ya bi ko'ina da injin girgiza don kada iska ta maƙale a ciki. Idi ne ya sa aka ajiye masa kujera a jikin durom ɗin ruwan burtsatse. Ta nuna masa zanen da ta yi a jikin bokiti, iya nan kowane buhu. Da wani lebura ya zagayo zai saci ƙarin rabin bokiti, sai ya ji sanda a bayan hannu.

"Ajiye," in ji Idi. "In ƙishirwa kake ji ka sha. Kankare ya ƙoshi."

Bayan an gama aka lulluɓe aikin da buhunan albasa na algarara. Kwana goma sha huɗu matan garin suna ɗebo ruwa safe da yamma suna jiƙa su, don kada zafi ya busar da kankaren kafin ya nuna. Bango da murfi suka biyo baya a kan wannan tsarin. Damina ta yi ƙarfi a shekarar, kwazazzabon ya kawo ruwa har sau biyu yana shafar saman kwalbatin. Da ruwa ya janye Mufida ta shiga ƙarƙashi da fitila ta duba, ba ta ga tsaga ba.

Wata huɗu kawunta bai yi mata magana ba. Mahaifiyarta ta sauko har tana amsa gaisuwa, amma ba ta ƙara ambaton sunansa a gabanta ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Mufida ta shirya ta tafi gidansa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ya bar ta a zaure kusan awa guda. Da ya fito ta ga ya rame. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice yana tsaye.

"Kawu, na zo neman gahwara. Ya kamata in same ka kai kaɗai tun ranar da na ga rubutun."

"Ya kamata. Ban yahe ba tukuna. Kak ki sa in yi ƙarya ranar Juma'a."

Ta sunkuyar da kai. Ta ɗauka ya gama, sai ta ji ya ce, "Gishirin ga. Nan kwazazzabon kaɗai shike, ko akwai shi wasu wurare?"

"Akwai shi wasu wurare. Duk inda ka ga ƙasa tana hwari bayan ruwa ya janye, sai an auna."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɓallen kwali, ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Sunayen wurare uku ne da ajami, inda ya gina wasu kwalbatocin.

"Shekarar nan guda munka yi su, da ɗan kwangila guda, da kwaɓi guda. Na biyun hanyar 'yan makaranta ta. Tun ranar nan ban yi barcin kirki ba. Ki tahi ki duba. Ni ba ni iya zuwa."

Ya juya ya shige gida.

Ranar Litinin ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko lafiyarsa lau, a kan jigawa yake. Na uku ya ɗan tsage amma zai kai wasu shekaru. Na biyun ne ta daɗe a ƙarƙashinsa. Ta sa ɗan yatsa a jikin bango, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Rodin murfin duk a waje yake, ya yi jawur, yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Tana nan tsugune wata motar yashi ta bi ta kai, gari ya zubo mata a hula.

Ta fito da gudu tana ɗaga wa motar hannu tana faɗa, direban ko waigowa bai yi ba. Ta aika a kira mai unguwar wurin, ta ce wa nata direban ya gindaya motarsu a tsakiyar hanya. Kafin mai unguwa ya iso har ta fara mirgino duwatsu tana jerawa a bakin kwalbatin, ta bar 'yar hanyar da mai ƙafa da mai babur kawai za su iya bi. Wani direban akori-kura ya tsaya yana danna oda, ya leƙo yana tambayar wa ya ba ta izinin tare hanya.

"Sauko," in ji Mufida. "Zo ka sa yatsanka a nan, sannan ka tambaye ni."